Ruwan Gulbi a Ƙwaƙwalwar Mota

Talata, 8 ga Satumba 1998, bayan la'asar

Motar Alhaji Haliru ta haukace. Na rubuta da kwanan wata, don in an zo rabon hauka a san wa ya riga wani.

Shekara ashirin da biyu ina tuƙa bawan Allahn nan, tun yana saida taya a bakin tasha har ya yi filin saida motoci a hanyar Sakkwato. Yanzu ido ya fara yi mini rowa, an sauke ni daga sitiyari an ba ni bokiti da tsumma. Muƙamina Sarkin Wanki da Hira. Na ga mota mai tari, na ga mai zawo, na ga wadda ba ta motsi sai an tura ta kamar jakin Mada. Wadda ke danna wa kanta hon, sai yau.

'Yar Kwatano ce, koriya shar, kujerunta kamar gadon amarya. Mas'udu ya ɗauko ta. Ɗana na fari ke nan; a baki ba na kiran sunansa, amma takarda ba surukata ba ce. Shekara uku yana ɗauko wa Alhaji motoci daga can, bai taɓa kawo ko ƙwarzane ba.

Wani darakta daga sabuwar sakatariya ya zo dubawa. Yana zama a ciki ƙofofi huɗu suka kulle kansu, ƙat. Waifa ta kama shara alhali rana kamar ta fasa dutse. Gilashi ya ƙi sauka. Da ƙyar ta sako shi, ya fito sharkaf kamar an tsamo shi daga tukunya, ya ce zai yi shawara. Mun san irin wannan shawarar.

Mas'udu kwana huɗu ke nan a gadon asibiti. Da sauƙi.

Laraba, 9 ga wata, da hantsi

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Waifa ta ƙi motsi. Ruwa na ɗaukewa ta fara aiki.

Alhamis, 10 ga wata, bayan azahar

Alhaji ya kira ni ofis. Bai ce in zauna ba, ni kuma na zauna, don gwiwa ba ta san ladabi ba.

"Ɗanlami, wagga mota lafiyarta lau ta baro Kwatano. An gaya min ta waya."

Na ce to ko canjin ruwa ne, ni ma duk ran da na je Kano sai cikina ya ɓaci.

Bai yi dariya ba. Ya ce an san halin yaran da ke ɗauko motoci: su tsaya a wani gari, su cire kaya mai kyau su saida, su maye da mai ciwo. Ya ce bai taɓa zaton ɗan gida zai yi masa haka ba. A gaban mutum huɗu ya faɗa, biyu daga cikinsu direbobi. Kafin magariba duk tasha ta ji.

"In ya tashi ya zo ya yi min bayani. Kafin nan ba shi ba makullina."

Na yi shiru. Ɗan fari ne, uba ba ya tare masa faɗa a gaban mutane, haka muka tarar. Kowa ya ga shirun nan ya ce Ɗanlami akwai kunya. Ni ma haka na gaya wa kaina har gida.

Yaron ba ɓarawo ba ne. Yana ɗan shekara tara ya tsinci agogo a masallaci, ya hana mu barci sai da aka yi cigiya.

Juma'a, 11 ga wata, da yamma

An kawo wani malami ya yi wa motar tofi, aka turara mata hayaƙi ta ƙarƙashi. Yana shafa fatiha ta ƙyafta masa fitila ɗaya. Malam ya tattara babbar riga ya ce wannan na Turai ne, ba su jin Hausa.

Matata Delu tana asibiti wurin ɗanta, kwana bakwai ba ta kwanta a gida ba. Ta ce ya sha kunu cokali uku. Da sauƙi.

Asabar, 12 ga wata, da safe

Yau mako ɗaya. Bari in rubuta yadda aka yi, tunda ban gaya wa kowa daidai ba.

Asabar ɗin da ta wuce wani kwandasta ya same ni a fili, ya ce ɗanka yana Tsafe a bakin hanya, ya kasa ƙarasowa. Na shiga bas ban ko sa hula ba. Na same shi ya faka a gindin wata tsamiya, ya kulle gaba tsaf, ya koma kujerar baya ya kwanta. Jikinsa kamar garwashi. Abin da cikinsa ya fitar duk ya ɓata kujera da kafet, gaba da baya. Yana ganina ya ce, "Baba, motar mutane." Ba sannu, ba wayyo.

Ni na tuƙo, da idon nan nawa. Kilomitocin Tsafe zuwa Gusau ban san yadda suka wuce ba.

Da aka karɓe shi aka sa masa ƙarin ruwa, na fito na dubi motar. Wa zai sayi mota mai wannan wari? Wa zai so a ce ɗansa ya yi haka a cikin kayan amana? Na wuce da ita Bungudu, garinmu, mashayar da nake wankin mota tun ina kwandasta. Na buɗe ƙofofi huɗu, na sa garin sabulu, na kwara bokiti goma sha biyu a ciki. Haka muke yi wa a-kori-kura, haka muke yi wa tasi: ruwa ya shiga ya fita abinsa. Na goge ta har ina ganin haƙorana biyar a jikinta.

Na kai wa Alhaji makulli na ce yaro ya kawo ta lafiya, sai da ya isa gida zazzaɓi ya kama shi. 'Yar ƙarya ce ta rufin asiri, ko akuya ba za ta ƙoshi da ita ba.

Wanki dai ya yi kyau. Ko Alhaji sai da ya ce ƙamshi.

Lahadi, 13 ga wata, bayan isha'i

Likita ya faɗi sunan ciwon yaron da Turanci. Aji huɗu da rabi na yi a firamare, kalmar tana cikin rabin da ban yi ba.

Litinin, 14 ga wata, da la'asar

An kira Idris mai wayarin. Mutum ne siriri mai furfura a gemu kawai, ba ya magana sai da dalili, shi ya sa ba ma shiri sosai. Ya zo da ƙwan gwajinsa da sukudireba. Alhaji ya tafi Kaura, aka bar ni in riƙa miƙa masa kaya.

Ya duba fis ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Ya duba batir. Ya bi wayar hon har ta ɓace masa a cikin jiki. Sai ya zauna a ƙasa ya ce mini motocin yanzu ƙwaƙwalwa biyu gare su. Ɗaya ta inji. Ɗayar kuma ta jiki: ita ke ba fitila da waifa da hon da gilashi da makullin ƙofa umarni. In ka danna abu, ba wuta kake ba shi ba, roƙon ƙwaƙwalwa kake ta ba shi.

Na ce ashe motar ta fi ni, ni ɗaya gare ni kuma aro ce.

Ya cire kan batir, ya tura kujerar mai zaman banza baya, ya ɗaga kafet. A ƙarƙashi akwai soso mai kauri. Ya danna da yatsa, ruwa ya fito. A cikin wani ɗan rami ga baƙin akwati kamar gwangwanin sadin babba, da soket uku a jikinsa. Ya zare su. Haƙoransu duk sun yi kore. Ya jijjiga akwatin a kunnensa, na ji shi daga inda nake tsaye.

"Baba Ɗanlami, wagga mota ta sha ruwa."

"Damina ce, Idi. Kowa ya sha."

Ya buɗe murfin ya shafa yatsa a ciki ya nuna mini. "Ruwan sama ba ya zuwa da yashi."

Na dubi yashin. Na san shi. Na yi wasa a cikinsa tun ban san wando ba.

Ya ce, "Ba wanda ya taɓa kwance wanga akwati. Dubi fentin kan kusoshin, ni na fara fasa shi yanzu. Wa ya wanke ta?"

Na ce ana iya shanya shi a rana? Ya ce ko a kaskon suya aka sa shi ya riga ya mutu, sai sabo. Na ce to ka gaya wa Alhaji ƙwaƙwalwa ce ta lalace, sauran bayani ka bar mini, da bakina zan faɗa.

"Yaushe?"

"In an gyara. Magana ta fi shiga in mota na tafiya."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Awo." Ya tattara kayansa.

Talata, 15 ga wata, da asuba

Ni ne.

Laraba, 16 ga wata, da yamma

Mun je shagon Oga Obiora mai kayan gyara, bayan kasuwa. Ya juya akwatin gaba da baya, ya kwafi lambar da ke jikin farar takardarsa, ya ce, "Baba, wannan ba a Gusau ba, ba a Kaduna ba. Sai yarona ya duba a Legas. Sati biyu, in Allah ya so, in kuma an samu mai a hanya." Ya ja kunnenmu cewa lamba sai ta yi daidai, ko da harafi ɗaya ya saɓa kada a sa.

Sati biyu. Tunanina shi ne, in mota ta warke zuciyar Alhaji ta sauka, sai in shigo da zancen wankin cikin raha, a yi dariya, a ce Ɗanlami ba ka da dama. Ni na iya wannan. Na taɓa sa mutumin nan dariya ranar da kwastan suka riƙe masa mota uku.

A tasha yau wani ya ga na doso ya sauya zance. Da can in na doso matsawa ake a ba ni benci.

Da sauƙi.

Juma'a, 18 ga wata, bayan an sauko masallaci

Ban iya jiran Legas ba. Idris ya ji labarin irin motar nan ta yi karo da tirela kusa da Tsafe wata biyu baya, gawarta na wurin wani mai fasa motoci. Jiya na tafi. Layin mai ya sa motoci sun yi wuya, muka shiga mu goma sha tara a bas mai cin goma sha huɗu, da buhun gero sabon yanka a kan ƙafata.

Mai fasa motocin ya ce, "Baba, mi kaka nema?" Na ce ƙwaƙwalwa. Ya ce, "Taka ko ta mota?" Na ce in akwai biyu haɗa mini. Muka yi dariya. Rabona da dariyar da ta kai ciki na manta.

Gaban motar ya lotse kamar an taka gwangwani, amma akwatin yana nan a bushe. Lambar duk ɗaya sai ta ƙarshe. Na ce a raina lamba ɗaya me za ta yi, ni da na ci jarrabawar aji uku da amsar wani.

Na wuce ta gindin tsamiyar nan a ƙafa. Wata mata na saida dafaffiyar gyaɗa a wurin. Na saya, ban ci ba.

Yau da safe Idris ya sa shi, yana ƙunƙuni. Hon ya yi shiru, waifa ta nutsu, har na fara gyara hula. Sai aka kunna sigina ta dama, gilashin baya ya sauka. Aka taka birki, fitilar cikin gida ta kama. Idris ya zare ya miƙo mini. "Baba, an gaya maka."

An gaya mini. Ana yawan gaya mini.

Lahadi, 20 ga wata, da hantsi

Ya farka sosai yau. Ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Na tsaya daga ƙafar gado kamar mai duba mara lafiyar wasu, don akwai mutane.

"Baba, an kai motar?"

"An kai."

"Ba ta yi wari ba?"

"Ƙamshi ma Alhaji ya ce."

Ya yi murmushi. Na ba shi labarin daraktan da aka kulle, amma na mai da ita wata mota a wani gari. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, nas ta kore ni waje.

Litinin, 21 ga wata

Da sauƙi, in ji su.

Laraba, 23 ga wata, bayan azahar

Na shirya. Na sa rigar Juma'a. Tun daga gida nake maimaitawa: Alhaji, ni na wanke ta a gulbi. Kalma bakwai, na ƙirga a yatsa.

Na same shi shi kaɗai yana cin goro. Na ce Alhaji akwai magana. Ya ce, "In ta yaron ce, bar ta. Kai ban da matsala da kai. Shekara ashirin da biyu ko madubi ba ka fasa min ba, kullum ina faɗa wa yaran nan su yi koyi da kai. Albasa ce ba ta yi halin ruwa ba."

Ya ɓantaro goro ya miƙo mini.

Na karɓa. Na ba shi labarin mai fasa motoci da ƙwaƙwalwa biyu. Ya yi dariya har da buga tebur. Na fito da kalmomina bakwai cif, ko ɗaya ba ta yi ciwon kai ba.

Wato abin da nake tsoro ke nan. Ba kora ba. A ce Ɗanlami, wanda ya koya wa rabin direbobin Gusau riƙon sitiyari, shi ya kashe mota da bokiti.

Alhamis, 24 ga wata, da magariba

Delu ta dawo gida ɗaukar zannuwa. Ta tsaya a ƙofar ɗaki ba ta shigo ba.

"Malam, mi nike ji a bakin matan direbobi?"

Na ce mata in aka biye wa bakin mata ko Sallah ba za a yi ba.

"Cewa suke ya saida kayan motar Alhaji. Shi da ke kwance ko kofi ba ya iya ɗagawa." Ba ta kiran sunansa ita ma, sai dai ta ce shi. "Kai ka ɗauko motar daga Tsafe. Ba ka ga komai ba?"

Na ce ana kan bincike.

"Wa ke binciken?"

Na ce ni da Idris.

"To Allah ya sa a gano azzalumin."

Na ce amin. Da ƙarfi ma na faɗa.

Asabar, 26 ga wata

An mai da shi gadon kusa da ƙofar nas. Wai don iska.

Litinin, 28 ga wata, da yamma

Legas shiru. Motar na ƙarƙashin tamfol, an cire mata batir don a samu lafiya. Idris ya ɗage kafet da soson ya shanya su a kan katanga kwana uku, ya goge haƙoran soket da burushi ɗaya bayan ɗaya. Yana aiki yana cewa, ba tare da ya dube ni ba, "Jiya an tambaye ni a masallaci ko gaskiya ne jabu aka sa mata. Na ce ban sani ba. Baba, ban saba cewa ban sani ba a kan abin da na sani."

Na ce saura ƙiris.

Talata, 29 ga wata

Bai gane ni ba. Ya gane Delu.

Alhamis, 1 ga Oktoba, bayan la'asar

Ranar hutu ce amma Oga Obiora ya aiko: kaya ya iso. Lamba daidai har wutsiya.

Na tsaya a kan Idris. Ya tabbatar batir a cire yake. Ya share ramin ya shimfiɗa roba a ƙasa. Ya ɗaura akwatin da kusoshi biyu, ya tura soket uku har kowanne ya ce ƙas. Ya mai da soso, ya mai da kafet, ya ɗaura kan batir. Aikin da ya ci mana mako uku bai kai tafasar shayi ba.

Ya ce in murza. Fitila ta kama lokacin da aka ce ta kama. Hon ya jira aka danna shi. Gilashi huɗu suka sauka suka hau kamar 'yan makaranta. Na zuba ruwa a gilashin gaba da buta, da buta fa, waifa ta share ta koma ta kwanta.

Alhaji ya zagaya ta sau biyu yana murna. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe.

Sai ya riga ni. "Kun gani ko? An sa na gaske ta warke. Ashe jabu ya sa min. Ɗanlami, ka yi haƙuri, amma ga shaida."

Direbobi na gyaɗa kai. Idris ya dube ni, ya ci gaba da dubana. Ni kuma na sunkuya ina goge taya, tayar da babu komai a jikinta.

Ya ɗauki jakarsa ya tafi bai yi mini sallama ba.

Na gyara mota na ƙara ɗaure yaro. Wannan dabara sai mai aji huɗu da rabi.

Juma'a, 2 ga wata, da safe

Gobe zan faɗa. Yau Delu ta aiko in zo in zauna.

Asabar, 3 ga wata, da hantsi

Sun cire robar ruwan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lahadi, 4 ga wata, da yamma

Jiya bayan azahar aka yi sutura, a Bungudu, ƙofar gidan mahaifina. Mutane sun zo da yawa. Tasha kusan duk ta zo. Alhaji ya zo a motarsa, Idris a kan kabu-kabu.

An ajiye makara, ana shirin sahu. Liman ya juyo ya yi tambayar da ake yi: duk wanda ke da wani haƙƙi a kan wannan bawan Allah ya faɗa yanzu, ko ya yafe, kada a kai shi da nauyi.

Sai Alhaji ya yi gyaran murya.

"Akwai 'yar magana tsakanina da shi, kowa ya sani. Ƙuruciya ce. Na yafe mashi duniya da lahira."

Jama'a suka ɗauka: Allah ya saka da alheri, Alhaji. Kai, an yi mutumin kirki. Wani a bayana ya ce Allah ya rufa asiri.

Wato haka za a rufe shi. Ɓarawon da aka yafe wa.

Ban san na fito daga sahu ba sai da na ga liman a gabana. Uban mamaci ba ya magana a wurin nan, balle a kan ɗan fari. Yayana ya riƙo mini riga, na fizge.

Na ce, "Alhaji, riƙe yafiyarka, bai ci maka komai ba. A Tsafe ciwo ya kada shi, ya ɓata motar. Ni na kai ta gulbin nan da ke bayanmu na kwara mata bokiti goma sha biyu. Ruwana ya kashe ƙwaƙwalwar. Tun ranar sha huɗu ga watan jiya na sani. Ga Idris nan."

Idris ya ce, "Haka ne. Ba a taɓa kwance akwatin ba. Yashin gulbi na samu a ciki."

Ba wanda ya yi dariya. Karo na farko ke nan da na yi magana mai tsawo a taro ba a yi ba.

Alhaji ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dube ni, na ɗauka zagi zai biyo, da ma ya fi mini. Sai ya taka zuwa makara ya durƙusa da babbar rigarsa a cikin laka. Ya ce, "Mas'udu, ni ne ke neman gafara." Ya sake faɗa. Ya juyo wajen liman kamar liman zai amsa masa. Liman ya ce a tsai da sahu, hadari na haɗowa.

A maƙabarta Alhaji ya karɓi cebur daga hannun wani ya yi ta zuba ƙasa har aka gama. Da zai tafi bai yi mini gaisuwa ba. Yayana ya yi wa.

Talata, 6 ga wata, bayan azahar

An yi addu'ar uku, baƙi sun ragu. Direbobi sun zo su tara, suka zauna a tabarma suna ta faɗin halinsa: yadda ba ya karɓar fasinja a motar amana, yadda yake kwana a cikinta don kada a taɓa. Yanzu kowa ya tuna.

Da suka tafi na shiga ciki. Delu na zaune tana ninke kayansa. Tun Asabar ba ta ce mini komai ba, ta dai ji abin da ya faru daga bayan katanga.

Na ce, "Abu ɗaya ke ɗan sanyaya min rai. Ya tafi bai ji zancen ba."

Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Ya ji, Malam. Tun mako na uku. Abokansa sun zo dubiya suna zaton barci yake."

Ta ci gaba.

"Na yi kuka, shi ya riƙa ba ni haƙuri. Ya ce, Inna bar shi, Baba na wurin. Baba zai gaya masu."

Na ce, "Na gaya masu, Delu."

"Ka gaya masu," ta ce. Ta ɗauki wata rigar ta ci gaba da ninkewa.